Jar Jita a Gidan Baba Mani

Shekarar da damina ta ƙi a karo na biyu a jere, Muntaka ya sayar da jakin gidansu ya sayo jita.

Su mutanen Tudun Maɗaci ne, wani ƙaramin ƙauye tsakanin Gezawa da birni, inda gona take manne da gona, ba ka ganin daji ko na sakin akuya. Gidansu gidan kiɗa ne. Mahaifinsu, Baba Mani, ya yi gangar noma a gayya tun yana saurayi har idanunsa suka rufe. Babban ɗansa Nababa bai gaji kiɗan ba, fartanya ya riƙe. Muntaka kuwa gurmi ya ɗauka, kuma ya iya shi, don in yana wasa a gidan biki har tsofaffi kan fito ƙofar zaure su saurara. Amma da gero ya ƙone a tsaye shekara biyu, sai gayya ta mutu, biki ya koma a ɗaura aure a masallaci kowa ya watse. Gurmin ya yi wata da watanni a rataye har fatarsa ta saki.

Gonarsu ta gandu ce, ba a raba ba, kuma ba a taɓa barinta ta huta ba. Taki ne yake riƙe da ita, jakin nan kuma shi yake ɗauko takin daga jujin birni duk rani. Aikin Muntaka ke nan, ya kai kara ko itace, ya dawo da mangala cike.

A irin wannan tafiyar ne, ana tsakiyar bazara, ya bi ta Sabon Gari ya tarar baƙi sun baje kayansu a bakin tasha. Lokacin ne gwamnatin soja ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar. Katifu, tukwane, fanka, keken ɗinki, duk ana yi musu tayin wulaƙanci. Can gefe wani dogon mutumin Gana yana zaune a kan wani baƙin akwati mai raga a gaba, ya rungume wata jar jita kamar jinjiri.

Muntaka ya taɓa jin kukan irinta sau ɗaya, ta bayan katangar wani otal. Bai ga abin da yake kukan ba. Ya dai tsaya riƙe da igiyar jaki har aka gama, ya kuma daɗe bai manta ba.

"Kai makaɗi ne," in ji mutumin, cikin Hausar can wajensu. "Na ga yatsunka."

"Gurmi nake yi."

"To ai ka iya rabi. Otal ɗin da muke wasa, daga yau ba su da mai jita. Ka je ka ce ni na turo ka. Can ba ruwansu da damina."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta kama shi. Babu wuta a tashar, saboda haka ba a gwada komai ba. Ya ja jakin zuwa wajen wani dillalin dabbobi, aka saya a wulaƙance, don shekarar kowa sayarwa yake yi. Ya dawo ya tarar babbar motar da za ta kwashi baƙin har ta tayar. Mutumin ya karɓi abin da ya samu bai ko duba ba, ya shafa wuyan jitar sau ɗaya, ya haye mota.

Bayan la'asar Muntaka ya iso gida, akwati a ka, jita a baya cikin jakar ƙyalle. Nababa yana zaune a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Bai dubi kayan ba. Hanyar da ke bayan ƙaninsa ya duba.

"Ina jakin?"

"Yaya, bari mu shiga ciki."

"Ina jakin, na ce?"

A zaure ya yi bayani, a gaban mahaifinsu. Ya faɗi zancen otal, da yadda ake biyan makaɗa a birni duk mako, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Ya ce kafin shuka zai mayar da jaki, wanda ma ya fi wancan. Nababa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Rabin gonar ba ta ga taki ba. A kanka za ka ɗauko sauran, ko a bayan wannan abar?"

Baba Mani ya miƙo hannu. "Ba ni na ji."

Muntaka ya zare ta daga jaka. Sai a lokacin shi kansa ya dube ta da kyau. Ja ce wur kamar tattasai, tana sheƙi har yana ganin fuskarsa a karkace a jikinta. Fentin ya goge a inda hannun mai ita ya saba gogawa. Tsirkiya shida, duk na ƙarfe. Wuyanta an jera masa wasu siraran ƙarafa a gicciye. Ta fi gurmi nauyi nesa ba kusa ba, kuma duk zafin da ake yi jikinta da sanyi.

Tsohon ya ɗora ta a cinya ya bi ta da tafin hannu, gaba da baya. Ya nemi fata bai samu ba. Ya nemi rami bai samu ba. Ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ta yi ƙas-ƙas kamar ƙyauren ɗaki.

"Ina cikinta?"

"Ba ta da ciki, Baba. Katako ne dunƙule."

"To kaɗa mu ji."

Muntaka ya kaɗa ta tana nan a cinyar tsohon. Abin da ya fito bai fi kukan sauro ba. Barira, matar Muntaka, wadda ta leƙo daga cikin gida riƙe da muciya, sai da ta karkato kai kafin ta ji. Ya sake kaɗawa da ƙarfi, tsirkiyar ta cije masa yatsa, amma muryar tana nan yadda take.

"Wuta take so," in ji shi.

"Wuta," in ji Nababa. "A Tudun Maɗaci." Ya yi wata 'yar dariya guda ɗaya, ya ɗauki fartanyarsa ya fita.

Baba Mani ya miƙa wa Muntaka jitar da hannu biyu. Bai yi faɗa ba, bai kuma sa albarka ba. Ya ce kawai a kawo masa buta, magariba ta kusa.

A ɗaki Barira ta zauna bakin gado, ta dafe tsohon cikinta. "Malam, tun makon jiya dusa nake ƙarawa a garin tuwo. Ban faɗa maka ba ne don na ga kana da abin da ya dame ka."

"Ki ƙara haƙuri. In na fara aikin nan, komai zai wuce."

"Ka ji kukanta kafin ka saya?"

Ya juya ya jingine jitar a bango. Ita kuwa ba ta sake tambaya ba.

Washegari ya ɗauki kayan zuwa Gezawa, wajen Hadi mai gyaran rediyo, wanda shagonsa yake bakin kasuwa. An ɗauke wuta. Ya zauna a kan benci tun hantsi, yana kallon mutane suna wucewa da awaki ƙashi da fata, mata suna tallan ƙwarya da tasoshin aurensu. Hadi ya buɗe bayan akwatin ya hure ƙura, ya ɗaure wata waya da ta kwance. Sai bayan azahar fankar shagon ta motsa.

"Ga ta nan, an kawo," in ji Hadi. "Yi maza, ba ta daɗewa."

Ya soka waya a jikin jitar. Wata jar fitila ta kama a goshin akwatin, ya fara gurnani ƙasa-ƙasa kamar ƙudan zuma a kogon bishiya. Muntaka ya ɗora yatsu a kan tsirkiya, nan take wani abu ya fizge shi har gwiwar hannu. Ya yi salati ya kusa yar da ita.

Hadi ya yi dariya. "Sa takalminka na roba. Ba a taɓa ta da ƙafa a ƙasa."

Ya sa takalmi. Ya matso kusa da akwatin, sai abin ya ƙwalla wata ƙara mai tsini, har wani jaki da ke ɗaure a gindin darbejiya ya tsinke igiya. Hadi ya ja shi baya, ya murɗa wani maɓalli. Aka yi shiru, sai gurnanin nan.

Sannan ya taɓa tsirkiya ɗaya a hankali, da babban yatsa.

Muryar ba daga hannunsa ta fito ba, daga can gefe ta fito, daga cikin akwatin, kamar wani ne ya amsa masa. Kuma ba ta mutu ba. A gurmi, in ka kaɗa, muryar kan faɗi nan take, dole ka bi ta da wata. Wannan kuwa ta tsaya a iska tana rawa, ta cika shagon, ta sa kwanon rufi yana karkarwa, ta shiga masa ƙirji ta zauna. Ya jira ta ƙare, ta ƙi ƙarewa. Sai da ya dafe tsirkiyar da tafi sannan ta yi shiru.

Tsirkiya shidan sun yi masa yawa. Ya zaɓi biyu na tsakiya, ya dinga murɗa kunnuwansu har suka daidaita da na gurmi, ya bar sauran. Ƙarafan wuyan suna tare masa yatsa, ba sa barinsa ya zame yadda ya saba, amma bayan ɗan lokaci ya gane in ya tura tsirkiyar gefe, muryar tana lanƙwasa kamar ta mace mai kuka. Ya shiga wani taken noma na mahaifinsa, wanda ake yi wa sarkin noma in ya kai ƙarshen kunya.

Da ya ɗaga kai, ƙofar shagon ta cika. Ba wanda ya yi rawa, ba wanda ya yi guɗa. Manoma ne da suka zo sayar da abin da ya rage musu, sun tsaya da igiyoyi a hannu suna sauraron taken da rabonsu da shi tun kafin farin nan. Wani dattijo ya juya baya yana share fuska da hularsa. Ana cikin haka fitilar akwatin ta mutu, muryar ta yanke a tsakiya, aka bar shi yana kaɗa kukan sauro a gaban jama'a.

Duk da haka ya fito shagon da ƙarfin zuciya. Bai koma gida ba, birni ya wuce.

Otal ɗin yana nan inda aka kwatanta masa, amma ƙofar ɗakin rawar a garƙame take. Mai gadi ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Ai ba mai jita kaɗai ya tafi ba. Mai ganga, mai ƙaho, mai waƙar, duk mota ɗaya suka shiga. Maigida ya sayo na'urar kaset. Ita ba ta cin abinci." Ya bi wasu otal-otal ɗin, ko'ina amsar ɗaya ce. Wani manaja ya bari ya gwada, da ya ji taken ƙauye a kan tsirkiya biyu sai ya ce masa baƙinsu ba irin wannan suke so ba. Kwanakin nan a rumfar tasha yake kwana, yana matashi da akwatin don kada a sace.

Kunya ta hana shi komawa Tudun Maɗaci. Ya koma wajen Hadi, wai ko zai samo masa mai saye. A nan ya haɗu da Nata'ala.

Nata'ala mai tallan magani ne, yana da wata tsohuwar akori-kura da yake bin kasuwannin ƙauye da ita. Yana cikin waɗanda suka tsaya a ƙofar shagon ran nan, kuma ba kiɗan ya kalla ba, taron ya kalla. Ya sa Hadi ya gyara akwatin yadda zai ci batirin mota. Ya ce wa Muntaka, "Kai dai ka tara min mutane. Ci da kwananka a wuyana, da ɗan abin sabulu."

Haka aka fara. Su isa kasuwa, Muntaka ya hau bayan mota ya kaɗa. Mutane su baro rumfuna su taho, don yawancinsu ba su taɓa jin irin wannan murya ba. Da zarar taro ya yi kauri, sai Nata'ala ya zare wayar jitar ya soka ta abin magana, ya shiga kirarin maganinsa: na shawara, na zazzaɓi, na kumburin ƙafa, na yaron da ya ƙi ƙiba. In mutane sun fara raguwa, ya mayar da waya ya ce, "Kaɗa." A duk zaman da suka yi tare, Muntaka bai taɓa kai take ɗaya ƙarshensa ba.

Yatsunsa dai sun saba. Ya ƙara tsirkiya ta uku, sannan ta huɗu. Wani lokaci a kan hanya, in mota ta tsaya shan ruwa, yakan gano wata murya sabuwa, ya ji daɗin da bai iya faɗa wa kowa.

Maganin kuwa a gabansa ake haɗa shi, a wani ɗaki da Nata'ala ya kama a Rijiyar Zaki. Ruwan rijiya ne, da sukari, da kalar da ake sa wa alewa, sai ƙwayar ciwon kai da ake dakawa a turmi. Jan shi ne na shawara, koren na zazzaɓi. Muntaka ya taɓa cewa, "Alhaji, wannan ba ya cutarwa?"

"Ruwa da sukari ya taɓa kashe wani? Kai dai kiɗa aka ɗauke ka."

Bai kashe kowa ba, gaskiya ne. Amma Muntaka yana tsaye a bayan mota yana ganin matan da suke kwance bakin zane, da 'ya'yansu a goye masu jan gashi da kumburarren ciki. Ya san wasu daga hanyar asibiti suka juyo saboda sun ji kiɗa. Yakan kawar da kai ya dubi wuyan jitar.

Ruwa ya sauka a wannan shekarar, kuma ya zauna. Duk inda suka bi, gero ya fito kore shar, mutane sun duƙufa a noman farko. Ya aika wa Barira ɗan garin rogo ta hannun wani direba, bai aika da saƙon baki ba.

Ranar da Nata'ala ya ce gobe kasuwar Gezawa za su ci, Muntaka ya roƙe shi su tsallake ta. Nata'ala ya ce ai nan ne ma aka fi saninsa, nan taro zai fi.

Taron kuwa ya yi. Muntaka ya yi kiɗan, kansa a sunkuye. Da aka zare waya ya ɗago, sai ya hango Nababa a sahun gaba. Ya rame har rigar ta yi masa yawa, ƙafafunsa duk taɓon gona. Ba kallon ƙaninsa yake yi ba. Jar kwalbar da ke hannun Nata'ala yake kallo, yana laluben aljihu.

Muntaka ya ajiye jitar ya diro. Ya kutsa ya riƙe masa hannu.

"Yaya, wa za ka saya wa?"

Nababa ya dube shi kamar baƙo. "Baba. Idanunsa da tafin hannunsa sun yi ɗorawa, ba ya riƙe ko koko. Akuyar Larai na sayar yanzu. Asibiti na nufa in tambaya, sai na ji an ce ga na shawara."

Larai matar Nababa ce, akuyar kuma ita kaɗai ta rage a gidan.

"Kada ka saya."

"Ba kai kake tallansa ba?"

"Ruwa ne da sukari, Yaya. A gabana ake yi."

Bai san da ƙarfi ya faɗa ba sai da ya ga na kusa sun juyo. Maganar ta bi taron. Wata mata ta mayar da kwalba ta ce a ba ta kuɗinta, wani ya buga jikin motar da sanda. Nata'ala bai tsaya musu ba. Ya tura kwalayensa ciki, ya jefo jitar ƙasa, ya ja mota ta tsakiyar mutane. Akwatin yana bayan motar, ɗaure da batiri, ya tafi da shi.

Muntaka ya ɗauki jitar daga cikin taɓo. Kunne ɗaya ya karye, fentin ya tsage. Wasu suna zaginsa, wai ai shi ya kira su. Nababa ya ja shi suka fita ta bayan rumfunan masu nama.

Suka je asibiti, ma'aikacin ya ce ba ya ba da magani sai ya ga mara lafiya, a kawo shi. Babu jakin da za a ɗora shi, sai dai su nemi amalanke a ƙauye. Suka kama hanya a ƙafa, ta cikin gonaki. Nababa yana gaba, Muntaka yana biye da shi. Da suka zo gonarsu Muntaka ya gane ta tun daga nesa: gefen da ya sami taki gero ya kai gwiwa, ɗaya gefen kuwa ya tsaya rawaya, ciyawa ta fi shi tsawo. Mutum ɗaya ba ya nome gandu.

"Barira ta sauka," in ji Nababa, bai waiwayo ba. "Mace. Ba ta zo da rai ba. Mun aika a neme ka, ba wanda ya san kasuwar da kuke."

Muntaka ya tsaya cik. Nababa bai tsaya ba, dole ya bi shi.

Ba su kai ga neman amalanke ba. Tun daga bakin masallaci suka hango tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gidansu, maza suna zazzaune, liman yana fitowa daga zaure. Wani maƙwabci ya taso ya tare su, ya riƙe hannun Nababa, ya ce sai haƙuri, tun azahar.

Aka kai Baba Mani kafin magariba. Muntaka ya jingine jitar a bayan rumbu ya shiga sahun masu ɗaukar makara. Ba wanda ya hana shi, ba kuma wanda ya yi masa magana ban da gaisuwar ta'aziyya.

Barira tana ɗaki, ta yi fari fat. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya rasa ta inda zai fara. Ita ce ta fara. "Sannu da zuwa, Malam. Ya haƙuri?" Ta tura masa kwanon ruwa. Ba ta tambaye shi inda ya shiga ba, a ranar ko bayanta.

Bayan sadakar bakwai ya ɗauki fartanya ya shiga gefen da ciyawa ta cinye. Ya makara, abin da aka samu a wajen bai taka kara ya karya ba. Da aka gama girbi, Nababa ya kira mai unguwa da dattawa biyu, aka auna gonar da igiya aka raba, aka dasa gamba a tsakiya. A cikin gida ma aka ja danga, kowa da tukunyarsa. Ba a yi rigima ba. Da dattawan suka tambayi Muntaka ko yana da magana, ya ce ba shi da ita.

Da rani ya shiga, maza suka fara tafiya cirani, ya bi ayarin masu zuwa dako a kasuwar hatsi ta Dawanau. Barira ta ɗaure masa ƙuli-ƙuli a tsumma, ta rako shi har bakin danga.

"In za ka daɗe," ta ce, "ka riƙa faɗa wa direbobi inda kake."

Ya ce to.